Tumbin Giwa da Autan Bawo: Kirarin Gari a Kunnen Mutanen Kudancin Kano

Kirarin gari yana cikin abubuwan da a ke fara koya wa ɗalibai a darasin adabin baka, hanyar koyar da shi kuwa kusan guda ce a kwalejojinmu na horon malamai. Malami ya rubuta sunan gari a allo, ya rubuta kirarinsa a gaba, ɗalibai su kwafa su haddace, ran jarrabawa su mayar masa da abinsa. In malamin mai himma ne ya kan ƙara da cewa kirarin nan madubi ne na halin mutanen garin: Kanawa masu alfahari da arziki, Katsinawa masu kunya, Daurawa masu tinƙaho da asali. Daga nan sai a wuce zuwa karin magana.

A ganina wannan hanya tana zubar da mafi yawan abin da ke cikin kirari. Kirarin gari magana ce da a ke faɗa wa wani, galibi kuwa wanda a ke faɗa wa ɗin ba ya son ji. Rabin gardama ne. Wanda ya rubuta wannan rabi ya ƙyale ɗayan ya yi kamar alƙalin da ya saurari mai ƙara, ya yanke hukunci tun wanda a ke ƙara bai shigo zaure ba. Abin da na ke nufin yi a wannan takarda shi ne in ɗauki kirarin Kano, wanda ya fi na kowane gari yawo a bakin Hausawa, in saurare shi daga inda ba a saba sauraronsa ba, watau daga ƙasar da ke kudu da birni: Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, da Rano maƙwabciyarsu, yankin da yanzu a ke yawan ambato da sunan madatsar ruwan Tiga.

Mu fara da ƙirar maganar. Kirarin manyan birane ya kan buɗe da sunan gari, sa'an nan harafin mallaka, sa'an nan sunan mutum: Kano ta Dabo, Katsina ta Korau, Daura ta Abdu. Gari mace ce a nahawun Hausa, shi ya sa a ke cewa "ta", kirarin kuwa yana ɗaukar macen nan ya danƙa ta ga wani namiji guda. Amfanin wannan ga mai nazari shi ne sunan yana ba mu shekara. Ibrahim Dabo ya yi sarautar Kano daga 1819 zuwa 1846, saboda haka "Kano ta Dabo" ba ta girmi 1819 ba ko da kwana ɗaya, alhali kuwa birnin ya yi ɗaruruwan shekaru kafin nan, ya ga Bagauda, ya ga Muhammadu Rumfa. A Katsina ma muna jin "ta Korau", muna kuma jin "ta Dikko", Korau na ƙarni na 15, Muhammadu Dikko kuwa ya hau a 1906 ya rasu a 1944. Ashe ke nan kirari ba abu ne da ya faɗo daga sama tun fil azal ba. Gidan sarauta in ya sake, sunan da ke bayan "ta" ya kan sake, sauran maganar ta zauna yadda ta ke.

Dabo yana da laƙabin da ke bin sunansa, watau "ci gari". Alhaji Abubakar Dokaji ya ɗauki kirarin duka ya sa wa littafinsa na tarihin Kano, wanda ya fito a 1958, yara da yawa kuwa a nan suka fara gamuwa da shi a rubuce. Dalilin laƙabin sananne ne. Da Dabo ya hau, ƙasa ta yi masa bore, ya fita ya bi garuruwa da yaƙi har suka miƙa wuya, tsohon Tarihin Kano kuma ya ambaci Rano cikin waɗanda ya yaƙa. To, ga tambayar da ba mu cika yi a aji ba: in "ci gari" yabo ne a kunnen ɗan Madabo ko ɗan Yakasai, mene ne a kunnen mutumin garin da aka ci? Kalmomin ba su sake ba, amma ɗaya yana jin labarin nasarar kakansa, ɗaya yana jin ana tuna masa ranar da aka karya ƙofar garinsu.

Sashen kirarin da ya fi kowane shahara shi ne "ko da me ka zo an fi ka", wani lokaci a kan sa "yaro" a gabansa don ƙara masa yaji. In ana maganar gwaninta, ban san wata jimla a kirarin garuruwan Hausa da ta kai wannan ba. "Ko da me" ta rufe kowace ƙofa tun ba a ga kayanka ba: dukiya ce, ilimi ne, wayo ne, duk ɗaya. "Ka zo" ta tsayar da mai sauraro a matsayin baƙo, mai shigowa, wanda ke bakin ƙofa. Amma ƙarfin jimlar duka yana cikin ɗan guntun nan "an". Da an ce "na fi ka", sai a yi musu, a auna. Da an ce "wane ya fi ka", sai a je a dubo wanen. "An" ba ta ambaci kowa ba, don haka ba wanda za ka ƙalubalanta. Kuma shuɗaɗɗen lokaci ce, watau aikin ya riga ya ƙare tun kana hanya. Wanda ya ƙago wannan ya san Hausa.

Sai dai mu tambaya, wa ke zuwa? Mun saba ɗauka cewa da Buzun Agadas a ke, ko Balaraben Gadamas, ko Babarbaren Kukawa. Waɗannan suna zuwa, gaskiya ne, amma da ayari, shekara shekara. Wanda ke shiga ƙofofin birni kowace safiya shi ne mutumin karkarar Kano, da jakinsa da taikin dawarsa. Shi ya fi kowa shan wannan magana. Abin lura kuma, ba kullum ta ke tabbata ba. An haifi Alhassan Ɗantata a Bebeji a 1877, cikin Agalawa fataken goro masu bin hanyar Gwanja. Ya zo Kano, kafin rasuwarsa a 1955 ana lissafa shi mafi dukiya a Afirka ta Yamma. Ga wanda ya zo ba a fi shi ba. Yaya birni ya yi da shi? Ya haɗiye shi. Yau in ka tambayi ɗalibai goma ina asalin Ɗantata, da wuya fiye da ɗaya ko biyu su ambaci Bebeji. Kirarin ba ya faɗuwa, domin duk wanda ya zo ya fi, sai a shigar da shi cikin "an" ɗin.

Wannan ya kawo mu ga "tumbin giwa". Malamai su kan fassara shi da girma da yalwa, ba su yi kuskure ba. Amma tumbi ba ya noma, ba ya saƙa; abin da aka kawo masa shi ya ke tarawa. In mun bi abin da ya cika wannan tumbi a ƙarni na 19 za mu ga sawunsa da yawa daga kudu ya fito. Baƙin rawani da turkuɗi da suka kai sunan Kano har cikin Sahara, a karofin Kura da ƙauyukanta a ke rina mafi kyawunsu, har a ke ce wa rawanin ɗan Kura. Kuzar da maƙera ke aiki da ita daga duwatsun Riruwai ta ke, a ƙasar Doguwa ta yau, inda aka daɗe ana narka ta tun kafin Turawa su san da kuzar Jos. Baturen nan Kilafatan ya ratsa ta Bebeji a 1826 a hanyarsa daga Zariya, ya tarar da babban gari mai ganuwa cike da 'yan kasuwa. A zamaninmu kuwa, tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 a mulkin Audu Bako, ruwan da ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure, da wani kaso na ruwan famfon birni, daga nan ya ke gangarowa. Mutumin kudu in ya ji "tumbin giwa" yana da ikon ya ce a ransa, to, ni ne ciyawar.

Akwai kuma sashe na uku, wanda ya fi sauran kaifi: "gari ba Kano ba, dajin Allah". Jimla ce marar aikatau, korewar da ke cikinta tana aikin sifa, watau duk garin da ba Kano ba. Mai kunnen waƙa zai lura cewa "tumbin giwa" da "dajin Allah" awonsu ɗaya, gaɓa huɗu huɗu, kowace gaɓa mai nauyi, shi ya sa su ke zama daidai a bakin maroƙi kamar an yanka su da wuƙa guda. Ma'anar a fili ta ke: duniya kashi biyu ce, birni da daji, wanda ba ya cikin ganuwa yana cikin namun jeji. Amma mu kai maganar Tudun Wada ko Doguwa mu ji yadda za ta sauka. A can daji ba misali ba ne, ga shi nan a bayan gari, dajin Falgore wanda hanyar Jos ta ratsa. Wurin farauta ne da kiwo da zuma da itacen magani, shigarsa kuwa aikin maza ne. Wanda ya girma a gefensa ba ya jin kalmar a matsayin zagi kamar yadda ɗan birni ya nufa. Har wa yau akwai wani abu da mai kirarin bai ankara da shi ba. Ya ce Kano ta Dabo ce, ya ce daji na Allah ne. Watau da bakinsa ya ba da birni ga sarki, ya bar sauran ƙasa ga Mai Sama. Mutumin da ba ya son a mallake shi ba zai ƙi wannan rabo ba.

Ina amsar kudu? Mafi tsufanta kalma biyu ce: Autan Bawo. Da ita a ke yi wa Rano da sarkinta kirari. Labarin Bayajida ya sa Rano cikin Hausa Bakwai, ɗiyan Bawo ne suka kafa ta kamar yadda suka kafa Kano, a rabon ayyuka kuma aka haɗa Kano da Rano aka ba su sarautar baba, watau rini. Masana tarihi sun daɗe suna jayayya a kan shekarun wannan labari da dalilin tsara shi, ba kuwa wannan ne ya dame mu a nan ba. Abin da ya dame mu shi ne aikin da kalmomin biyu ke yi. Kano ta ce ita ta Dabo ce, sarkin ƙarni na 19. Rano ta tsallake Dabo, ta tsallake Rumfa, ta tsallake Yaji wanda Tarihin Kano ya nuna ya kori Sarkin Rano tun a ƙarni na 14, ta koma can gindin bishiya ta ce ubanmu ɗaya. Ba ta yi da'awar ta fi Kano girma ba, wannan da abin dariya ne. Da'awarta ita ce ƙanwa ce ba baiwa ba. Ƙane ana iya fin sa komai, ana iya dukansa ma, amma ba a iya hana shi gado.

Zaɓen kalmar "auta" shi ne ya sa na ke ganin wannan kirari ya fi na Kano zurfi, ko da bai kai shi amo ba. Auta a gidan Bahaushe shi ne ƙarami, shi ne kuma shalele, wanda ba a tsawata wa. A tatsuniya ma haka ya ke. Kowa ya san Ɗan Auta wanda iyaye suka bar wa yayarsa wasiyya kada ta bari ya yi kuka, ya yi ta ɓarna, ya ƙone rumbu, ya tsokale idon ɗan sarki, ba mai iya hana shi, a ƙarshe kuwa shi ya kashe Dodon da ya gagari gari duka. Mai sauraro Bahaushe ba ya jin "Autan Bawo" ba tare da wannan yaro ya gilma masa a rai ba. Cikin kalma guda an amsa ƙanƙanta, an nemi gata, an kuma yi gargaɗi. "An fi ka" tana rufe baki da ƙarfi. "Auta" tana karɓar fifikon ta mai da shi hujja.

Irin wannan dabara, ta riƙe tsohon suna a matsayin gardama, ba a Rano kaɗai ta ke ba. Katsinawan da suka ƙi bin tutar jihadi suka koma Maraɗi, sarkinsu Sarkin Katsina ne har yau. Na Suleja, wadda a da a ke kira Abuja, Sarkin Zazzau ne. Na Argungu Sarkin Kabi ne. An ƙwace birni, ba a ƙwace suna ba, duk ran da aka buga tambari aka ambaci sarautar an sake ɗaukaka ƙara. Bambancin Rano da waɗannan shi ne ita ba ta yi hijira ba. A cikin tumbin ta zauna tana faɗin nata.

Bayan kirarin sarauta akwai maganar talaka, wadda ita ce ta fi wuyar kamawa. Mutumin karkara in ɗan birni ya ishe shi da "an fi ka", yana da abin mayarwa a cikin karin magana: giwa a garin wani zomo ce. Ban san ko an ƙagi wannan don Kano ba, amma ba inda ta fi zama daram kamar a gaban mai tinƙaho da tumbin giwa. Akwai "ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido", akwai "kowa a gidansa sarki ne", akwai "kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi". Sai dai dole a yi hattara a nan. Waɗannan dukiyar Hausawa ce baki ɗaya, ana faɗinsu a Gobir kamar yadda a ke faɗinsu a Kiru. Ɗalibin da ya je Kwanar Dangora ya rubuto su ya sa musu kan magana "karin maganar mutanen Kiru" bai gano komai ba. Abin da ke mai da karin magana ta zama ta wani wuri shi ne wa ya faɗa, wa aka faɗa wa, a kan me. Tarin da muka gada, tun daga na Merrick na 1905 da na Whitting na 1940 har zuwa ɗari biyar ɗin nan na Kirk-Greene na 1966, ya adana mana kalmomi, Allah ya saka musu, amma galibi ya ciro su daga bakin masu su kamar yadda a ke ciro kifi daga ruwa. M. G. Smith ya nuna tun 1957, a nazarinsa na roƙo, cewa yabon wani a gaban jama'a kusan kullum rage wani ne. Mun karanta shi, ba mu kai darasinsa kan kirarin gari ba.

Ita kanta kalmar da za a kira halin da ita gardama ce. Aiki guda, in birni ya ba shi suna sai ya ce taurin kai, ko kangara, ko ƙauyanci. In mai shi ya ba shi suna sai ya ce ƙin raini, ko sanin ciwon kai. Karkara ma ta rama: "ɗan birni" a bakinta ba mazaunin birni kawai ba ne, mai wayon cuta ne wanda ba a saki jiki da shi a ciniki. Katsinawa sun gane wannan sarai, shi ya sa kirarinsu ya zo da gyara a cikinsa: kunya gare ku ba tsoro ba. Ba a kore abin da ba a taɓa zargin mutum da shi ba. Duk inda muka ga "ba... ba" a kirari, akwai wani da ya riga ya yi magana, kirarin amsa ce.

Akwai wata kalma da ta fi dacewa da kudancin Kano, ita ce kafiya. A ganina tushenta ɗaya da kafa da kafe da kafi. An kafa gari, an kewaye shi da kafi, mutum ya kafe a kan maganarsa, a ce yana da kafiya. Sunan Kafin Maiyaƙi a ƙasar Kiru kirari ne cikakke ga wanda ya tsaya ya saurare shi. Dalilin irin waɗannan sunaye yana cikin tarihi. Wajen 1846 Malam Hamza da jama'arsa suka tashi daga Tsakuwa don sun ƙi biyan kuɗin ƙasa, suka shige duwatsun Ningi, daga nan har ƙarshen ƙarnin Ningawa suka riƙa kawo hari kudancin Kano da gabashinta. Sarki Abdullahi Maje Karofi, wanda ya yi mulki daga 1855 zuwa 1882, ya sha fita yaƙi da su. Amma sarki ya kan fita ya koma gida. Wanda ke kwana a bakin iyaka, ya yi noma da kwari da baka a rataye, shi ne mutumin Tudun Wada da Burumburum. Mutanen da suka saba tsare kansu kafin gudummawa ta iso ba sa saurin sunkuyawa in ɗan saƙo ya zo daga birni da umarni.

A wannan yanki ne kuma Maguzawa suka daɗe da zama, game da sunansu ma akwai labarin da ke yawo: wai wani manomi ne mai suna Bama ya musulunta, da aka zo karɓar zakkar hatsinsa ya ce ya fasa, aka ce Bama ya guje. Mai ilimin harshe ba zai karɓi wannan ba, ya fi kyautata zaton kalmar daga Larabci ta ke, majusu. Amma labarin yana da amfaninsa, domin ya nuna da wane ido mai karɓar haraji ke duban mai rumbu.

Kada mai karatu ya ɗauka daga wannan cewa kafiyar kudu kullum a kan Kano ta ke sauka. Wannan shi ne kuskuren da masu son siyasa ke yi da tarihi, kuma akwai rana guda da ta isa ta gyara shi. Kanar Morland ya tashi daga Zariya da rundunarsa ran 29 ga Janairu 1903. Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato. Gari na farko mai ganuwa da ya tare musu hanya shi ne Bebeji. Ran 1 ga Fabrairu aka nemi a buɗe ƙofa, Sarkin Bebeji ya ƙi, aka harba igwa ta fasa ƙofar, ya mutu a nan tare da waɗansu manyansa. Ran 3 ga wata Kano ta faɗi. Watau jinin farko da aka zubar don Kano ta Dabo a wannan yaƙi jinin mutanen "dajin Allah" ne. Sarkin Bebeji ya san ba shi da abin da zai tare igwa da shi. Ƙin buɗe ƙofar nan biyayya ce ga Sarkin Kano, kafiya ce kuma, ba a iya raba su. Saboda haka ban yarda da wanda zai ce kirarin Rano da karin maganar karkara alamar ƙin Kano ba ne. Mutumin Bebeji in ya je Zariya Bakano ne, da shi a ke wasan Kanawa da Zage-zagi, shi ma da "ko da me ka zo" ya ke rufe bakin Bazazzagi, ya fi ɗan birni ma yawan yi don shi ke kan iyaka. In ya juyo arewa ya shiga kasuwar Kurmi, sai a juya masa maganar. Jimla ɗaya, da safe tasa ce, da yamma a kansa ta ke.

Wannan gardama ba ta mutu ba, ta shiga takardun gwamnati ne kawai. A 2019 gwamnatin Abdullahi Ganduje ta ɗaga Rano ta zama masarauta mai sanda mai daraja ta ɗaya, aka sa Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa a ƙarƙashinta. A Mayu 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke dokar, daga baya a cikin shekarar aka mayar da Rano masarauta mai daraja ta biyu da ƙasa ƙarama. Ba aikin wannan takarda ba ne ta ce wa ya yi daidai. Abin da ya shafi mai nazarin harshe shi ne a cikin shekarun nan biyar "Autan Bawo" ta tashi daga bakin maroƙa ta zama hujjar da a ke kafawa a rediyo da jarida, masu ɗaya ra'ayin kuma suka riƙe "ta Dabo" suna cewa ba a yanka tumbi. Malamin da ya tsaya gaban aji a Kano ko Rano ya rubuta ɗaya daga cikin biyun a allo, ya ce wannan shi ne halin mutanenmu, ya shiga shari'ar ko ya sani ko bai sani ba. Gara ya rubuta su duka, ya tambayi kowane ɗalibi daga ina ya fito, wanne ya ji a gidansu, wa aka faɗa wa.

Sabon abu a wannan zamani shi ne sunan Tiga. Kafin 1971, sa'ad da aka fara aikin madatsar, ƙaramin wuri ne da ba a san shi ba bayan maƙwabtansa. Ruwan ya ci gonaki, an ta da ƙauyuka an sake musu matsuguni. Yanzu da wannan suna masu neman a yanki jiha daga kudancin Kano ke kiran abin da su ke nema. Ga mai nazarin kirari sunan yana da ban sha'awa, domin ba shi da "ta" a bayansa. Ba na Dabo ba ne, ba na Bawo ba ne, ba ya tuna wa Kiru ko Doguwa cewa wani gari ya taɓa cinsu, wataƙila shi ya sa garuruwan da ba za su yarda a kira su da sunan juna ba suka iya taruwa a ƙarƙashinsa. Duk da haka tsohon suna bai saki ba. Ƙudurin da Sanata Kawu Sumaila ya gabatar a Majalisar Dattawa a 2024 ya kira jihar Tiga, ya kuma ba da shawarar Rano ta zama babban birninta.